Lita ɗari da talatin

Litinin, 3 ga Maris

Kwana uku ke nan da Mutuniyar ta tafi gidan yayarta. A kan wanka. Ko a takarda abin kunya ne. Cewa na yi cika baho kullum ɓarnar ruwa ce da wuta, ta koma shawa kamar kowa. Ta ce, "Shekara tara kana karanta min mita a ka. Ni matarka ce ko gidan kwastoma?" Ta ajiye makullinta a kan tebur, ta ɗauki jaka.

Shekara goma sha shida ina yawon karanta mitar ruwa a gidajen mutane, na san abin da nake faɗa. Zan auna, in rubuta, in kai mata a takarda.

Talata, 4 ga Maris

Na toshe bahon, na tsaya a ciki na yi shawa, agogo a bakin taga. Minti biyar: lita 45, hitar dumama ruwa ta ci wuta yunit ɗaya da ɗan ɗoriya. Na saki ruwan, na cika bahon zuwa inda take kaiwa, daidai wurin da fentin ya tsage: lita 130, yunit kusan huɗu. Ninki uku fa!

Na juya zan faɗa, babu kowa.

Laraba, 5 ga Maris

Na yi wankana yadda na saba, ban dubi agogo ba sai da na gama. Minti goma sha uku. Lita 117.

Wannan ba zai shiga takardar ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Na karanta mita da safe kafin in fita, na sake karantawa da na dawo. Bambancin lita 130, alhali ba kowa a gidan. Na ɗauka wani bututu ne ke yoyo. Na rufe famfuna duka, na tsuguna gaban mitar minti goma sha biyar ina kallon ɗan tauraron nan nata mai juyawa idan ruwa na wucewa. Ko motsi. Mitar wuta kuma ta tafi da yunit huɗu.

Abin toshe bahon yana rataye a wuyan famfo. Ni a gefe nake barinsa. Ita ce mai ratayewa.

Litinin, 10 ga Maris

Asabar da Lahadi ina gida, babu komai. Yau kuma 130.

Tsohuwar da ke ƙasanmu ta tare ni a matakala, tana ta murna. "Ashe 'yata ta dawo? Madalla. Ƙarfe goma nake jin ruwanta yana sauka ta bututun bayan kicin ɗina, har da 'yar waƙar nan tata da ba kai ba gindi." Na ce eh, Iya, ta dawo.

Wallahi daɗi na ji. Na ce wato tana da wani makullin, tana fakon in fita ta zo ta jiƙa jikinta ta koma. Na kira yayarta ina dariya, na ce Yaya, ki ce wa ƙanwarki ta daina satar hanya, gidanta ne.

Ta ce: "Wace hanya? Tun Alhamis tana kwance da zazzaɓi. Ko banɗaki sai na riƙe ta. Ita ta hana ni gaya maka."

Makullin yana nan kan tebur inda ta bar shi. Har ƙura ta hau shi.

Talata, 11 ga Maris

Na kashe hita daga bango kafin in fita. Don in gani.

Da yamma: lita 130, wuta ba ta motsa ba.

Yaya ta kira ni da kanta. Wai wajen ƙarfe goma barci mai nauyi ya ɗauke Mutuniyar, kamar kullum tun da ta kwanta, amma yau ta farka haƙoranta suna haɗuwa, bargo biyu bai ishe ta ba. Gashinta sharkaf. Yaya ta ce gumi ne. "Sai sambatu take yi, wai ka kashe mata hita. Me ke tsakaninku da hita ne?"

Na ce ban sani ba.

Laraba, 12 ga Maris

 A wani gida na rubuta lamba ɗaya sau biyu, mai gidan ya ce ko ba ni da lafiya ne.

Ni ban yarda da irin waɗannan abubuwan ba. Ruwa ba ya bin bututu sai an buɗe masa. Na rufe babban famfon da ke shigo da ruwa gidan, na cire kansa na sa a aljihu. Zan yi wanka da bokiti, lita goma sha biyar ta ishi mutum.

Alhamis, 13 ga Maris

Sifili. Mitar ba ta motsa ba.

Iya ta hau har ƙofata, ita da ba ta hawa bene saboda gwiwa. Ta ce tun goma bututun yake bugawa a bango, ƙwas, ƙwas, yana jan iska kamar mai shaƙuwa, kusan rabin awa. Ta leƙa bayana cikin falo. "Ina take ne? Ban ga ta sauko ba ko sau ɗaya."

Juma'a, 14 ga Maris

An kwantar da Mutuniyar a asibiti, ana ƙara mata ruwa. Likita ya ce jikinta ne ya bushe, kuma zazzaɓi yakan yi haka. Ai kuwa yakan yi haka. Na tambaye shi sau biyu, sau biyu ya ce yakan yi.

Ta rame. Leɓenta duk ya tsattsage. Yaya ta ce kwana biyu ba ta runtsa ba, da ta lumshe ido sai ta zabura. Na zauna a bakin gado na ce sannu. Takardar lissafin tana aljihuna tare da kan famfon, ina jin nauyinsa a cinyata. Ta daɗe tana kallon aljihun, ba fuskata ba. Da ƙyar na ji abin da ta ce:

"Ka ci gardamar. To ka buɗe."

Yaya ta ce kada in kula, zafin jiki ne.

Asabar, 15 ga Maris

Na mayar da kan famfon, na kunna hita. Dole ce, wanki ya taru.

Litinin, 17 ga Maris

Layin da aka ba ni yau kusa da gida ne. Goma da minti biyar na hau, na buɗe ƙofa a hankali.

Ƙofar banɗaki a rufe, ni a buɗe na bar ta. Tururi yana fitowa ta ƙasanta, da ƙamshin sabulunta da na san ya ƙare tun watan jiya. Sai motsin ruwa, irin na wanda ya gyara kwanciya a ciki. Babu sakata a ƙofar, turawa kawai zan yi. Na ɗora hannu a kan mariƙin. Da ɗumi.

Ban tura ba. Ban san daga ina maganar ta fito ba, na dai ji na ce, "Ruwan ya yi miki?"

Motsin ya tsaya cak. Na ƙirga numfashina har bakwai. Sai na ji an murɗa famfon ruwan zafi kaɗan, an ƙara, an rufe.

Na sauka da baya da baya. Na ƙarasa layina, gida ashirin da biyu.

Laraba, 19 ga Maris

Zazzaɓin ya sauka, ta ci abinci, ta yi barci. Jibi za a sallame ta. Yaya ta ce ba ta faɗi gidan da za ta ba, ni ma ban tambaya ba.

Jiya na sayo tabarmar roba na shimfiɗa a gindin bahon. Tayil ɗin nan santsi ne da shi, kowa zai iya faɗuwa, ni kaina na sha zamewa. Don kaina na saya.

Da na dawo yau na taɓa ta. A jiƙe. Na rataye ta a kan ƙofa, ta samu ta bushe kafin goman safe.