Kada Ki Zo, Yaya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jikoki da ɗinki. Na rubuto ne domin in na kira ki a waya sai ihu, ke ba ki ji ni ba, maƙwabta sun ji. Direban da ke kawo miki yadi zai ba ki wannan.

Kumburin ƙafar nan da kika ce yawan zama ne, ashe ƙoda ce. Fitsarina ma kumfa yake yi kamar an zuba sabulu. A asibiti sun sa doguwar allura ta bayana sun ɗebo ɗan naman ƙodar. Da sakamako ya fito, likitar ta juyo min kwamfutarta, na ga wasu ɗige-ɗige sun yi cincirindo. Ta ce ƙwayoyin garkuwar jiki ne, masu kama cuta in ta shigo. Nawa sun rikice. Sun taru a kan 'yan ƙananan matatan da ke tace jini a ƙodata suna yaƙarsu, wurin ya kumbura, yana yoyon abin da ya kamata ya tsaya a jini. Na ce, "To likita, wa ya aike su?" Ta yi dariya ta ce har yanzu ba a gama ganowa ba.

Maganin da aka ba ni kwantar da su yake yi. Amma in suka kwanta ba mai tare min komai. Murar da za ki share da hankici, ni tana iya kai ni gadon asibiti, a tsayar da maganin, ƙodar ta ci gaba da lalacewa. Na ajiye koyarwa, don 'yan ajina ba a raba su da majina. Ga kuma wadda ta fi min wuyar rubutawa: kada ki zo, Yaya. Gidanki ba ya rasa yaro mai tari.

Ki gaida kowa. Taki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, in ban da takardarki da ta hana ni cin abinci.

Ni za ki ce wa kada in zo? Ni da na goya ki, na zauna da ke lokacin da kika yi ƙyanda kowa yana gudunki? Tun da Inna ta rasu wa ya rage miki in ba ni ba? Ko ciwon naki ma na masu ilimi ne, ba ya son ganin tela? Tun da nake ban taɓa jin wanda dubiya ta kashe ba.

Kuma na fahimci zancen sarai, garkuwar jikinki ce ta sami matsala. Na je wajen mai kemis ɗin layinmu ya ba ni maganin ƙara garkuwa, babbar kwalba, ya ce ko tsohon da ya kasa tashi ya sha sai ya yi tsalle. Ki sha safe da yamma. Da zarar na gama ɗinkin kayan makarantar da ke hannuna ina nan tafe, ki kore ni in gani.

Allah ya ba ki lafiya. Yayarki, ko kin ƙi ko kin so.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da godiya a kan wahalar da kika yi.

Ga kwalbarki nan na mayar, ban buɗe ba. Na nuna wa likita, sai da ta riƙe baki. Ƙwayoyin nawa ba ƙarfi suka rasa ba, hankali suka rasa, ke kuma kin aiko a ƙara musu ƙarfi.

Kina ganin ganinki ne ba na so. Ki zo ki ji yadda ɗakin nan yake, a'a, kada ki zo, zan gaya miki. Firji yana gurnani, wani lokaci har amsa masa nake yi. Maƙwabciyata tana ajiye min cefane a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta wuce. Magani ya cika min kumatu fam, na duba madubi na yi dariya ni kaɗai, don na san sunan da za ki sa min da kin gani. In an tashi daga makaranta nakan ɗaga labule in kalli yara suna wucewa ta gindin falwayar wutar da ke gaban gidan. Na manta rabon da hannun mutum ya taɓa ni ba tare da safar asibiti ba. Kewarki nake yi har ƙirjina yana zafi.

Amma gwajin wannan makon ya nuna yoyon ya fara raguwa. In na kamu da wani abu yanzu, ƙarshenta injin wankin ƙoda. Don haka in kin zo ba zan buɗe ƙofa ba. Da gaske nake, ki yi fushin in kina so.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na sami kwalba, na mayar wa mai kemis, ya kuma ji abin da ke bakina.

Tunda kin ce kada in zo, ban zo ba, kuma ba zan zo ba. Ni ma ina da abin yi. Mura ma nake fama da ita, wani mara tarbiyya ya yi ta tari a kaina a cikin mota. Ina fatan kin ga rigar da na ba direba ya ajiye miki a ƙofa ranar Talata. Na wanke ta, na bi ta da dutsen guga mai zafi, na sa ta a leda, ba abin da ya hau ta.

Ki ci gaba da shan maganin kwantar da 'yan bani-na-iyan ƙwayoyin nan. Allah ya sawwaƙe.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama. Rigar ta zauna min daidai, ita ce ma a jikina.

Ba direba ne ya ajiye ta ba. Ranar Talata ina bayan labule na hango ki kin sauka daga mota, kina tafiyar nan taki ta mai neman faɗa. Duk abin da na rubuta miki ya fita daga kaina, hannuna har ya kai kan sakata. Sai kika yi atishawa a bakin ƙofa. Kika ajiye ledar ba ki ƙwanƙwasa ba, kika koma gindin falwaya kika daɗe a tsaye, kina kallon tagar maƙwabciyata. Ni kuma ina kallonki ina kuka, har kika tare mota.

In murar ta sake ki, ki dawo gindin falwayar nan. Tagata ce ta hagu, mai koren labule. Ki yi ihunki yadda kika saba, ko ta gilashi zan ji ki.

Taki har kullum,
Auta