Zaibar da Na Wanke da Hannuna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta warware, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta. 'Yarka kuma cikinta ya shiga wata bakwai, tana wurina, ba abin da yake zama mata sai kifi.

Saƙonka ya iso, wai in sa hannu a takardar Likita a rufa wa juna asiri, tunda abokinka ne, kuma kai ka samo min aikin. Yaya, ba zan sa ba. Bari ka ji abin da bai faɗa maka ba. Shekara tara ina shara da wanke-wanke a asibitin haƙorinsa. In ya cike wa mutum haƙori ko ya ƙwaƙule tsohon ciko, ɓurɓushin nan mai ruwan toka yakan taru a wata 'yar rariya a jikin kujera. Shi da kansa ya koya min juye ta a wurin wanke hannu. Ni kuma ka san ni da tsabta, sai in bi da bilic, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, har yana yabona a gaban baƙi. Ashe rabin cikon nan zaiba ce, guba, bilic kuma narkar da ita yake yi ta bi ruwa. Ma'aikaciyar lafiyar da ta zo awon ruwa ce ta faɗa min. Tare muka bi kwatar tun daga bayan asibiti har tafkin da Kawu yake jefa taru. Wallahi a nan na zauna daɓas a ƙasa, na yi kuka.

Takardar cewa ta yi tun farko Likita ya ba ni gwangwanin tara ɓurɓushin, ni ce na ƙi amfani da shi don ganda. Gwangwanin da shekaranjiya aka sayo, ko ledarsa ba a cire ba! Ya ce in na sa hannu aikina na nan, in na ƙi in ajiye masa makulli. Na ajiye masa a kan kujerar, na ce ganda dai ba a gidanmu ba. Gobe zan je ofishin lafiya in faɗi komai, har da laifina.

Ba aikin ne ya hana ni sukuni ba. Kifin da na yi wata bakwai ina soya wa 'yarka daga tarun Kawu yake fitowa. Jiya an ɗebi jininta, sakamako sai mako mai zuwa. In har yanzu kana so in sa hannu, ka kira ta ka faɗa mata da bakinka.

Ka gaishe min da Anti da su Auta. Inna da Kawu suna gaishe ka. Ka sa jikanka a addu'a.

Ƙanwarka mai taurin kai.