Tun da Ya Yi Ciwo, Kowa Sai Ya Ce wa Mijina "Haka Ne"

Anti Afiniki,

Don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai kuma na rasa wanda zan faɗa wa. In na kai wa matan zumunta na cocinmu, kafin sujadar Lahadi rabin Kafanchan sun ji. In na faɗa wa 'yata Clara da ke Abuja, kuka za ta sa mini a waya, sannan ta ce a koma asibiti. Alhali ba maganar asibiti ba ce.

Mijina tsohon shugaban makarantar sakandare ne, mutumin Kwoi, ni kuma daga Kagoro nake. Tun kafin ya yi ritaya yake da wata al'ada shi da abokansa. Duk Lahadi da yamma, bayan an taso daga coci an ci abinci, sai su taru a barandar gidanmu su yi ta musu a kan littattafai. Ba sa karanta labaran ƙirƙira, wai wannan na yara ne. Sai tarihi, da noma, da rayuwar mutane, da kiwon lafiya. Littafi ɗaya zai yi ta yawo hannu zuwa hannu har bangonsa ya fita, in kowa ya gama sai a yi masa shari'a. Akwai Malam Yafet, abokinsa tun suna kwalejin horon malamai, da Mama Dinah, tsohuwar nas, da Malam Nuru mai shagon littattafai a kasuwa, wanda shi ke samo musu yawancin abin da suke karantawa.

Anti, in kin ji su daga waje za ki rantse faɗa ake yi. Maƙwabciyarmu ta taɓa shigowa da gudu don ta raba, ta tarar ana gardama a kan littafin kiwon zuma. Baban Clara shi ne uban gayya. Bai taɓa karanta littafi ya bar shi lafiya ba. Tarihin layin dogo da suka karanta, ya ce marubucin ya ba Turawa shafi ɗari, leburorin da suka fasa dutse kuwa layi biyu. Mama Dinah ta kawo tarihin rayuwar wata ungozoma tana yabo, ya ce matar ta karɓi haihuwar rabin gari amma ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba a littafin, to shi bai yarda da ita ba. Malam Yafet kuma, duk abin da Baban Clara ya ce fari ne, shi baƙi zai ce. Ni aikina kunun zaƙi da gyaɗa, da kashe wuta in ta yi yawa. Na sha yin mita a kan surutunsu, Allah ya gafarta mini.

Bara da damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ubangiji ya yi mana jinƙai, ya tashi. Hannun hagu bai dawo sosai ba, kuma magana tana yi masa nauyi, sai ya nemo kalma kamar mai laluben makulli a aljihu. Amma kansa garau yake. Da za a sallame mu likita ya ce a kula da hawan jininsa, a rage gishiri, kada a riƙa ɓata masa rai. Ni kuwa na riƙe wannan ta ƙarshen da hannu biyu. Na bi abokansa gida gida na roƙe su, in sun dawo zaman Lahadi kada wanda ya yi masa musu. Suka ce ai ko ban faɗa ba, a wurinmu wa zai ja da dattijon da ya tashi daga ciwo?

Suka dawo. Da fari ya yi murna, har ya sa na goge masa rigarsa ta zuwa coci. Zai yi ta fama ya haɗa magana ɗaya a kan littafi, su kuma su jira shi da haƙuri, in ya gama duk su ce haka ne. Malam Yafet ma, mutumin da ban taɓa jin ya yarda da shi ko a kan ƙarfe nawa ne ba, sai gyaɗa kai. Ni ina jin daɗi, ina cewa gida ya yi sanyi.

To akwai wani littafi a kan noman citta da wani farfesa ya rubuta. Shekaru Baban Clara yana zaginsa. Yakan ce mutumin bai taɓa durƙusawa ya rufe gonar citta da ciyawa ba, kuma ya cika littafi guda bai ambaci matan da ke tsaga citta suna shanyawa ba, alhali da wannan aikin mahaifiyarsa ta sa shi a makaranta. Kowa a barandar nan ya san ra'ayinsa. Lahadi biyu da suka wuce sai ya sa na ɗauko masa littafin. Ya ɗora a cinya, ya ce musu a hankali ya sake dubawa, ya ga babu littafin noma da ya kai shi kyau, ya kamata a sa shi a makarantu. Sai Malam Yafet ya ce haka ne. Mama Dinah ta ce lallai akwai ilimi a ciki. Malam Nuru ya sunkuyar da kai yana juya kofi.

Anti, na ga fuskar mijina a lokacin. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa mini littafin, ya ce ya gaji zai shiga ciki. Daga ranar bai sake fitowa baranda ba. Da suka zo Lahadin da ta wuce, ya ce in ce musu yana barci. Sabon littafin da Malam Nuru ya kawo masa yana nan a cikin ledarsa. Ko da ni ma maganar ta ragu, daga sannu sai na ƙoshi. Mai zuwa gasa masa hannu ya ce mini Baban Clara ba ya ƙoƙarin motsa hannun yanzu.

Bai san ni na roƙe su ba. Ina tsoron in faɗa masa ya ji na mayar da shi yaro. Ina kuma tsoron in ce su koma yadda suke, jininsa ya hau, in rasa shi gaba ɗaya, mutane su ce a kan littafi na bari aka kashe mini miji. Ina son mutumin nan, Anti. Na roƙi Allah ya bar mini shi, ya bar mini shi, ga shi kuma yana zaune a ɗaki ina kewarsa. Me zan yi?

Taki,
Maman Clara, Kafanchan

*

Maman Clara,

Sannu da jinya, sannu da ƙoƙari. Kafin komai, ki sauke wannan laifin da kika ɗora wa kanki. Matar da ta ga mijinta kwance ba ya iya ɗaga hannu, in aka ce mata kada a ɓata masa rai, ko ƙuda ma za ta kora. Abokansa kuma ladabi suka yi irin wanda aka koya mana duka. Babu mugu a cikin labarinki.

Amma ki duba abin da maigidan ya yi. Mutumin da magana ke yi wa nauyi ya zauna ya shirya wa abokansa jarrabawa, ya zaɓi littafin da ya fi tsana, ya yabe shi, ya jira. Wannan aikin shugaban makaranta ne mai cikakken hankali. Tambayar da ya yi musu ita ce ko har yanzu suna sauraronsa, amsar da ya samu kuma ita ce ta tura shi ɗaki. A wurin mutum irinsa, musu shi ne girmamawa. Wanda ya ja da kai ya ɗauke ka a matsayin mai hankalin da za a ja da shi.

Tsoronki ma yana da tushe, ba zan ce ki watsar da shi ba. Hawan jini ba abin wasa ba ne, ni kuma ba likita ba ce. Don haka ki koma wurin likitansa, ki ba shi labarin barandar nan yadda kika ba ni, da hayaniyar da komai. Ki kuma sanar da shi cewa maigidan ya daina magana, ya daina ƙoƙarin motsa hannu, domin wannan ma abu ne da ya kamata likita ya sani. Ki tambaye shi kai tsaye ko gardamar abokai tana cikin abin da ya hana. Ina kyautata zaton baƙin ciki da damuwa yake nufi, kuma ki lura, baƙin cikin ya riga ya shigo ta ƙofar da kika rufe don ki tsare shi. In ya sa iyaka, ki bi. Ga Mama Dinah nas ce, ta zo da abin awon jini tare da littafinta.

Sai maganar faɗa masa. Ki faɗa masa, kuma ke kaɗai, kafin kowa. Yanzu yana zaton abokansa sun duba shi sun yanke cewa kansa ya taɓu. Wannan ya fi ciwo nesa ba kusa ba a kan ya ji matarsa ce ta tsorata ta roƙe su. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. Kada ki cika masa magana in ta tsaya masa, ki jira har ya gama faɗansa da bakinsa.

Daga nan ki je wurin Malam Yafet. Ina jin shi ma yana cikin wahala, mutum ya shekara yana haɗiye musu ai abin tausayi ne. Ki ce ya zo shi kaɗai tukuna, ba sai Lahadi ba, ya nemi afuwa a taƙaice, sannan ya faɗi abin da ke ransa na gaskiya. Sharaɗi ɗaya kawai za ki kafa wa kowa: su ba shi lokaci ya gama maganarsa komai daɗewarta, in ya gama su ƙaryata shi yadda suka saba. Haƙurin a wurin jira ake bukatarsa.

Ke ma ina da aiki a gare ki. Ki cire sabon littafin nan daga leda, ki karanta babi ɗaya, ki shiga ɗaki ki zauna kusa da shi ki faɗa masa ra'ayinki da ƙarfin hali, ko da ba ki tabbata ba. Wataƙila ranar farko ya yi miki shiru. Ki koma washegari.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya. Ranar da ya juyo ya ce miki ba ki fahimci komai a littafin ba, kada ki ji haushi. Ki gyara zama ki ce ya yi miki bayani.

Taki,
Anti Afiniki