Ƙwallon da Ake Jefawa Baya

Daren Laraba, Bagudo.

Wai kun taɓa ganin ƙwallo mai siffar ƙwai, wanda ba a jefa shi gaba sai baya? Ragbi sunanai. Baba Sule, maigidanmu wurin lodin shinkafa, ya buga ma ƙasa shi har ƙasashen waje.

Sati biyu ina garin ga, ni kaɗai nika cin abinci. Yau da la'asar Baba ya tara mu 'yan dako a fili ya koya muna wasan. Sau biyu ina jefawa gaba, sunka yi ta dariya. Na ukun na waiwaya baya na miƙa ma wani Garba. Baba ya ce, "Yawwa ɗana, ka fara ganin 'yan'uwanka."

Garba ya ce in taho gidansu cin tuwo. Bari in tafi, kar ya huce.