Ba a Ja Shi da Igiya Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ta ladabi da biyayya daga nan Azare zuwa makwancinki a Katagum, tare da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Mu nan lafiya lau. Yara suna makaranta, damina ta yi albarka, surukinki Malam yana nan yana ladanci a masallacin unguwa, da muryar nan tasa da kika ce tana tada kaji tun lokacinsu bai yi ba.

Dalilin rubuto miki shi ne in ba ki labarin amanar da kika bar mini. Na san da kina raye kika ji na sa wannan magana a waya jama'a suna karantawa, cewa za ki yi na zubar miki da mutunci a kan kare. Ki yi haƙuri. Babu mai zuwa ta'aziyyar kare, shi ya sa na shimfiɗa tabarmata a nan.

Baƙo ya mutu ranar Talata da safe.

Kin tuna ranar da Baba ya shigo da shi cikin kwandon kifi, bayan ɓarayi sun kwance mana awaki? Kika ce ba a gidanki ba. Baba ya ce kwana biyu kawai zai yi. Kika ce to ashe baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Sunan ya bi shi. Baba ya riga shi tafiya, ke ma kika riga shi, raɓar nan ta shekara goma sha uku ba ta bushe ba.

Duk tsawon shekarun nan hannunki bai taɓa jikinsa ba. In ya shinshina kwano, wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. In kallon kwanon kawai ya yi, wanki uku saboda kokwanto. Amma akwai tsohuwar muciyar nan da ta tsage, wadda kika sallama daga aikin tuwo. Da ita kike tura masa kaskonsa kina cewa, "Ci, marar zuciya, ba don kai na dafa ba." Da ita kuma kike sosa masa bayan kunne in kin ga tsakar gida babu kowa. Na sha leƙen ki ta jikin zana. Da na yi tari sai ki ɗaga muciyar kamar za ki maka masa, shi kuwa ko gezau, sai kaɗa wutsiya yake yana tona miki asiri.

Da ciwonki ya yi tsanani kika tara mu za ki yi wasiyya. Kika kira Sa'adatu da sunanta, kika ba ta tasoshi. Kika kira Isa da sunansa, kika ba shi awaki. Ni kuwa 'yar fari ce, sunana bai taɓa fitowa daga bakinki ba saboda kunya, don haka bango kika kalla kika ce, "Ke. Wancan abin da muciyarsa naki ne. In ya mutu kada a ja shi da igiya zuwa juji."

Kin san yadda ake yi: a ɗaure wa mushen kare ƙafa, a ja shi a ƙasa har bayan gari, a bar wa ungulu. Na amsa miki da to. Amma gaskiya, Inna, raina ya ɓaci. Ƙannena sun tashi da dukiya, ni na tashi da tsohon kare da tsagaggiyar muciya.

Kawo shi Azare ma sai da aka sha fama. Babu motar haya da ta yarda ta ɗauke shi, sai a bayan motar masu busasshen kifi ya zo, ya sauka yana lasar baki, direban yana ta sababi. Malam kuwa kin san shi, in ya hango kare a layi sai ya canja hanya. Da ƙyar ya yarda a ajiye shi can bayan gida kusa da turken awaki. Da na gaya masa wasiyyarki sai ya ce maganar mamaci abar girmamawa ce, amma ladan guda ba zai haƙa wa kare rami unguwa tana kallo ba. Ya rufe da cewa Allah ya kai mu lokacin. Na zauna da Malam shekarun da na san irin wannan Allah ya kai mun, a'a ce aka sa mata hula.

Bayan azumin bana Baƙo ya fara atishawa. Na ɗauka mura ce. Sai na fara ganin ɗigon jini a ƙasa, kullum daga ƙofar hanci ɗaya. Maƙwabciyarmu Hajiya Yagana, wadda babu ciwon da ba ta san maganinsa ba, ta leƙo ta katanga ta ce haɓo ne, a samo busasshen kashin jaki a shaƙa masa. Na samo, na kai masa hanci. Ya yi mini kallon hadarin kaji, ya buɗe baki ya cinye.

Hajiya ta ce to sirace za a yi masa. Na tafasa ganyen darbejiya, na zuba man zafi, na ajiye tukunyar a gabansa, na ɗauko bargon da ya fi kusa da hannuna na lulluɓe shi. Inna, abin da ya biyo baya har yau ana ba da labarinsa a layinmu. Tururin yana bugunsa ya zabura da bargo a ka, ya ratsa tsakar gida, ya fice ta zaure, daidai lokacin da ake fitowa daga sallar La'asar. Jama'a suka ga bargo yana gudu shi kaɗai yana atishawa. Dattawa masu sanduna suka manta da sandunansu, suka ranta a na kare, wani tsoho har da barin takalmi ɗaya. Mutum ɗaya ne bai gudu ba, shi ne Malam, don ya gane bargonsa.

Ranar ko tuwona bai ci ba. Bargon dai ya zama na Baƙo.

Da na ga gefen idonsa ya fara kumbura, sai na ce wannan ya wuce ilmin katanga. Masu adaidaita sahu suka ƙi ɗaukar mu, na ari baro na tura shi har asibitin dabbobi. Na shiga layi tsakanin masu shanu da masu kaji, kowa ya ba ni fili sosai. Wani dattijo makiyayi ya daɗe yana duban mu, sannan cikin tausayi ya tambaye ni ko in ya warke sayarwa zan yi, don ya rasa dalilin wahalar.

Likitar yarinya ce mai haƙuri. Ta haska hancin, ta daddanna fuskar. Sannan ta ce bisa ga alamu ciwon daji ne ya tsiro a can cikin hancin, kuma ya yi nisa. Ta ce ba ya yaɗuwa zuwa ga mutum ko dabba. Abin da za ta iya shi ne ta ba shi maganin rage zafi, ni kuma in riƙa ba shi abinci mai laushi, in goge masa hanci da tsumma mai ɗumi. Ranar da na ga wahalar ta fi ƙarfinsa in kira ta, akwai allurar da za ta sa ya yi barcin da babu tashi. Na tsaya a gaban shanun mutane ina kuka da hijabina, ban ji kunyar kowa ba.

Daga nan hancin ya toshe. Ya koma numfashi ta baki, da wani irin minshari da ya sa awaki suka koma kwana a ɗaya kusurwar. Da ya daina jin ƙanshi sai ya daina ci. Na dama masa kunu, na yi masa romon kifi, na durƙusa ina lallashi, ci mana Baƙona, ci ka ji. Ya kau da kai. Maganin kuwa sai a cikin abinci yake shiga. Ina cikin wannan tashin hankali idona ya faɗa kan muciyarki a jingine. Na ɗauka, na ja da baya, na tura masa kaskon, na ɗaure fuska na ce, ci, marar zuciya, ba don kai na dafa ba.

Ya ɗago kai, Inna. Ya duba bayana, ya duba ƙofa. Ke yake nema. Da bai gan ki ba sai ya sunkuya ya lashe kaskon tas. Ni kuwa na zauna a kan turmi na yi kukan da ban samu na yi ba ranar da aka fita da ke.

Saura maganin rana, lokacin ina makarantar da nake koyarwa. Kullum sai in haɗa in rufe, in na dawo in tarar da kasko a wanke, na ɗauka aikin yara ne. Wata rana aka tashe mu da wuri. Ina shigowa na ji wata siririyar murya a bayan gida tana faɗa. Na leƙa. Surukinki ne, ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya miƙa hannu iyakar miƙewa da muciya, ya maƙale murya yana kwaikwayon ki. Da ya gama faɗan ya waiga dama da hagu, ya kai muciyar bayan kunne. Na yi tari. Ya ce ƙudaje yake kora.

Makon jiya ko muciyar ta daina aiki. Ido ɗaya ya rufe, jinin ya ƙi tsayawa, sai dai ya ɗan motsa wutsiya don kada in ji kunya. Ranar Litinin na kira likitar na ce ta zo gobe da safe, ina faɗa ina jin kamar na ci amanarki. Amma kin san Baƙo bai taɓa jiran izinin kowa ba. Da gari ya waye na tarar da shi a kan bargon, ya riga ya tafi.

Kafin in gama share hawaye Hajiya Yagana, cikin kyautatawa, ta turo Ɗanlami mai kwasar shara da igiyarsa. Ya yi sallama ya shigo, ya tsuguna ya fara ɗaure ƙafar baya. Na tsaya ina kallon igiyar. Na san abin da na yi miki alkawari, na kuma san abin da mai gidan ya ce. Ni kaɗai ba ni da inda zan kai shi, ba ni da ƙarfin haƙa.

Sai ga Malam da kofin shayinsa. Ya dubi igiyar, ya dube ni, ya ajiye kofin a kan katanga.

"Kwance igiyar nan, Ɗanlami."

Ya shiga bayani cewa don lafiyar jama'a ne, yara suna wasa a juji, kada ciwon ya kama wani. Alhali ni da bakina na gaya masa likita ta ce ba ya yaɗuwa. Ban tuna masa ba. Ya naɗe Baƙo a bargon da hannunsa, ya ɗaga ya sa a baro, ya ɗora fartanya da shebur, ya tura ya fita ta zaure da rana tsaka, ina biye da shi.

Hanyar gona dole sai ta gaban majalisar dattawan nan da suka yi gudu. Suka ga ladaninsu yana tura baro, wutsiya tana leƙowa ta ƙarƙashin bargon da suka sani sarai. Wani ya ce Malam ina zuwa haka. Malam bai rage tafiya ba ya ce, "Aiken surukata ne." Suka gyaɗa kai. Mai takalmi ɗayan nan ma har da cewa a sauka lafiya.

A gindin tsamiyar gonarsa ya haƙa, rami mai zurfi yadda wani abu ba zai tono ba. Kafin masu wa'azin waya su taso mini, babu likkafani, babu salla, rami ne da ƙasa kawai. Da ya gama ya wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasar wurin. Sannan ya juya mini baya ya daɗe yana goge ido, wai ƙasa ce ta faɗa masa.

Ba a ja shi ba, Inna. Ɗaukar sa aka yi.

A hanyar dawowa nake ta tuna wasu abubuwa. Yadda kike turo mini kwano da ƙafa ki ce, "Ke, ɗauke wannan ya tare mini wuri," in buɗe in ga tsokar kifin da ta fi kowace girma. Yadda ranar da za a kawo ni Azare kowa yana kuka, ke kika ɗauki tsintsiya kina sharar inda aka riga aka share. Na girma ina zaton Sa'adatu da Isa kika fi so, tunda su ne masu suna a bakinki. Sai da na riƙe muciyar nan da hannuna, ina faɗa zuciyata tana karyewa, na san abin da ke ɗaya ƙarshenta. Abin da kika fi tausayi kika kasa taɓawa, shi kika bar wa wadda kika kasa kiran sunanta. Ina kewarki ƙwarai, kuma na yafe rabon tasoshin.

Muciyar tana ɗakina a bayan ƙofa. Malam ya ce a bar ta, wai za ta yi amfani wajen korar ƙudaje.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinku. Duk ruwan da kika zuba a kaskon nan da duk lomar da kika tura kina faɗa, Allah ya sa ki tarar da su a mizaninki. Ya saka wa surukinki da alheri. Mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu a inda babu sauran kunya tsakanin uwa da 'yarta, ko sau ɗaya in ji yadda sunana yake a bakinki. Amin.

Wassalam.

'Yarki ta fari,
wadda kike kira "Ke".