Ɗigon Jini a Kan Takarda

Edmonton, London
12 ga Nuwamba, 1989

Zuwa ga Yayana Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da maman Damata da yara duka.

Wasiƙarka ta iso tun watan jiya, na daɗe ina juya ta ban amsa ba. Ka ce shekara ta zagayo da rasuwar mijina Zailani, me kuma nake jira a London. Yaya, ba zan dawo bana ba. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Na samu aiki. Wani Bature ne, Dokta Ellery, wanda suka yi aiki tare da marigayi, ya buɗe ɗan ƙaramin lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, a saman wani garejin gyaran mota. Mu huɗu ne kacal. Abin da muke ƙoƙarin haɗawa shi ne gwajin sikila wanda ba ya buƙatar lantarki ko inji. A ɗiga jini a kan wata 'yar takarda, a ɗiga magani, a jira minti goma, launin da ya fito ya faɗi irin jinin mutum. Ranar da ya fara nuna mini, ƙanwarmu Abibatu na tuna, yadda ƙafafunta ke kumbura da damina, Inna tana gasa mata da tsumma, maƙwabta suna cewa mayu ne. Shekararta sha ɗaya muka binne ta, ba wanda ya san sunan abin da ya kashe ta.

Ba zan ɓoye maka ba, zaman ba daɗi. Council, hukumar unguwarmu, ta bar mini flat ɗin da muke ciki, hawa na tara. Wani lokaci daga Juma'a har Litinin ba wanda nake yi wa magana sai ɗan Turkiyya mai shago a ƙasan benenmu. Hausa kuwa sai da Amamata, wata 'yar Kumasi mai share mana lab. “Kai” take ce mini kamar namiji. Kullum in ta shigo sai ta ce, “Shafa, ka ci abinci kuwa?” Da farko dariya take ba ni. Yanzu tun azahar nake duban ƙofa.

Ka ba Inna haƙuri, ka gaishe ta da kyau.

Ƙanwarka,
Shafa'atu


Yelwa
20 ga Janairu, 1990

Zuwa ga Shafa'atu,

Wa'alaikumus salam. Muna nan lafiya, da fatan ke ma haka.

Na karanta wa Inna takardarki, amma na tsallake wurin Abibatu. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ni dai ban ga dacewar mace ta zauna ita kaɗai a ƙasar da ba ta da kowa ba. Asibitin garin nan ma yana neman masu gwajin jini. Amma ke ba yarinya ba ce, kuma ban taɓa iya juya ki ba tun kina firamare. Na ba ki shekara biyu. In abin ya haɗu, ki kawo shi da hannunki. In bai haɗu ba, ki kawo kanki.

Damata ta shiga aji uku na sakandare. Ta ce in tambaye ki ko jinin Turawa da namu launi ɗaya ne. Na ce mata wannan ba tambayar da ake kashe wa kan sarki ba ce, amma ga shi na rubuta.

Allah ya jiƙan Zailani, ya tsare ki.

Yayanki,
Uwaisu


Edmonton, London
7 ga Maris, 1993

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma sake yi mana ta'aziyyar Inna. Har yau in na tuna cewa sai da aka yi kwana tara da binne ta labari ya same ni, sai in rasa inda zan sa kaina. Na yi booking ɗin jirgi a lokacin, sai na ce in na zo wa zan gani, na yi cancel. Na san ka ji haushi. Na ga ba ka ƙara maganar shekara biyun ba.

Abubuwa sun canza a nan. Masu kuɗin London sun gano cewa akwai riba a harkar gwaje-gwajen lafiya, ko'ina ka duba ana buɗe sabon lab. Mu ma sun zo mana. Bara wasu mutum uku masu baƙaƙen kwat suka hau matakalar garejin nan, suka sha shayi a kofunanmu masu tsagewa, suka saka jari mai yawa. Yanzu muna wani gini na gilashi a bakin kogi, mu arba'in da ɗoriya. An ƙara mini matsayi, har da ofis nawa. Bas da tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, nake hawa, awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa.

Amma Yaya, sun ajiye gwajin sikila. Ya haɗu fa, mun gwada shi a kan mutum sama da ɗari uku. A wurin taro wani daga cikinsu ya tambaya, “Su wa za su saya?” Na ce ƙasarmu kaɗai akwai miliyoyi. Ya yi murmushi ya ce bai ce su wa ke buƙata ba, cewa ya yi su wa za su saya. Na dubi Dokta Ellery, shi kuma yana duban biron hannunsa. Yanzu gwajin kitsen jini muke yi, na masu ƙiba, wanda za a riƙa sayarwa a kantin magani. Takardunmu suna cikin kwalaye a sito.

Amamata ba ta biyo mu ba. Sabon ginin yana da kamfaninsa na shara, suna zuwa bayan mun tashi, ban taɓa ganin fuskarsu ba. Na ji ta koma Plumstead wurin 'yarta. Wata bakwai ke nan rabona da in yi Hausa da baki. Jiya na kama kaina ina gaida tukunya.

Ka gaida Damata. Na yi murna da ta samu makarantar koyon aikin jinya.

Taka,
Shafa'atu


Yelwa
14 ga Agusta, 1994

Zuwa ga Shafa'atu,

Bayan sallama da fatan alheri, wata magana ce ta sa na rubuto, kuma ban yi ta da kowa ba.

Masawudu ɗan Kawu Inusah ya nemi auren Damata. Kin san shi yana yaro, yanzu malami ne a makarantarmu, ba abin da zan ce a kansa sai alheri. Ba mu muka haɗa ba, su suka haɗa kansu, shekara uku ke nan. An sa rana bayan ƙaramar salla. Yarinyar nan tun da aka sa ranar ko faɗa aka yi mata dariya take yi.

Abin da ya dame ni shi ne, gidan Kawu Inusah sun binne yara biyu da irin ciwon Abibatu. Mu kuma kin san namu. Na je asibitin garin nan, sun ce ba su da injin. Na yi tunanin kai su Sakkwato, amma in na ce a yi wannan tafiyar, gari zai ɗauka ina zargin jinin gidansu ne, kuma Kawu ba zai manta ba.

Kin ce takardar taki ta haɗu. Ban taɓa roƙon ki komai ba. Idan akwai hali ki aiko da biyu, a yi a cikin gida ba wanda ya ji.

Yayanki,
Uwaisu


Edmonton, London
9 ga Satumba, 1994

Yaya,

Assalamu alaikum. A gurguje nake rubutu, don Alhaji Abukari na ofishin jakadanci gobe zai tashi, shi zai ba direban Yelwa saƙon a Kaduna.

Wasiƙarka ta zo a kan gaɓa. Makon da ya wuce aka manna takarda a ƙofar sito cewa za a ƙone tsofaffin kaya don ana buƙatar wurin. Na je wurin Dokta Ellery na roƙe shi kwali ɗaya. Ya ce, “Shafa, ba nawa ba ne yanzu. Ko ni in na ɗauki ɗaya, sata na yi.” Na ce abin da za a ƙone? Ya ce ko tokar ma tasu ce.

Na ɗauka. Guda arba'in na zuba a jakar abincina, da kwalba biyu na maganin. Allah ya yafe mini, amma ban ji na yi laifi ba.

Damata ta iya tsira allura a yatsa, ita za ta yi. Ɗigo ɗaya na jini, ɗigo biyu na magani, minti goma a inuwa. In launin ya bazu bai-ɗaya, lafiya lau. In jan ɗigo ya tsaya a tsakiya da zobe kewaye da shi, mutum yana ɗauke da ciwon ko da bai taɓa kwanciya ba. Ɗaya daga cikinsu kawai, ba komai, a sha biki. In duka biyu ne, kowane ciki akwai tsoro.

Ina addu'a ya zama asarar takarda kawai muka yi.

Shafa'atu


Yelwa
2 ga Nuwamba, 1994

Shafa'atu,

Saƙo ya iso, an yi.

Ranar Juma'a bayan masallaci na kira su ɗakina, na rufe ƙofa. Masawudu har da wasa, yana cewa kada amarya ta rama wani tsohon laifi a kan yatsansa. Ta tsira nasa, ta tsira nata, ta jera takardun a kan faranti. Ni na riƙe agogo.

Ba a kai minti goman ba. Ita ta fara gani, don ta fi mu sanin abin da take kallo. Ta ce, “Baba, a sake.” Aka sake. Duka biyu zobe.

Masawudu ya ce shi ya amince da ƙaddara, a ɗaura. Ni dai na yi niyyar ba zan raba su da bakina ba. Damata ce ta ce masa, “Ba ka taɓa kwana da yaron da ƙashinsa ke ciwo ba. Ni na yi, a asibiti.” Ta tattara audugar ta fita.

An fasa. Mun ce wa mutane ba su daidaita ba ne. Kawu Inusah ya daina amsa gaisuwata. Masawudu ya nemi a mayar da shi Zuru, an ba shi. Damata tana zuwa makaranta tana dawowa, tana cin abinci in an matsa. Na ce ta rubuto miki, ta ce ba ta da abin cewa ga wanda ya aiko da abu daga nesa bai zo ya ga aikinsa ba.

Ni na roƙa, ba ke ba, na faɗa mata. Ban san ko in gode miki ba, amma na gode.

Uwaisu


Edmonton, London
11 ga Disamba, 1994

Yayana,

Assalamu alaikum. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, sai da wata maƙwabciya ta taɓa ni ta ce ko lafiya.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun farko, gaggawa ta sa ban faɗa ba. A gwajin da muka yi, cikin mutum ɗari takardar takan yi kuskure a kan biyu ko uku, kuma waɗannan sun daɗe a sito. Ka kai su Sakkwato a sake da inji, tunda yanzu ba sauran abin ɓoyewa. Ka faɗa wa Damata daga bakina. In takardata ce ta yi ƙarya, zan fi kowa murna, ko da hakan na nufin shekara biyar ɗina sun tafi a banza.

Sauran maganar tsakanina da kai ce, kada ta ji. An ƙirga kayan kafin a ƙone, an ga babu arba'in. Da aka tambaya na ce ni ce. Sun sallame ni a ranar, mai gadi ya raka ni har bakin titi da kwalina a hannu. Dokta Ellery ya aiko mini da kati. Sauran takardun duk an ƙone su, kuma yadda ake haɗa maganin mallakar kamfani ne, na sa hannu tun tuni cewa ba zan haɗa wa kowa ba.

Ina da appointment a ofishin shige da fice na Croydon ranar sha tara ga wata mai zuwa a kan takardar zamana. Da wasiƙar wurin aiki ake zuwa, ni kuma ba ni da ita. Ko me suka ce, zan sanar da kai. Na je Plumstead neman Amamata ranar Lahadi, aka ce ta koma Kumasi tun bazara. Na zauna a tashar jirgin na ɗan jima kafin na juyo.

Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Shafa'atu


Yelwa
26 ga Fabrairu, 1995

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina wuni, ya sanyi.

Mun je Sakkwato, ni da Baba. Masawudu ya same mu a can. Injin ya faɗi abin da takardarki ta faɗa. Ba ta yi ƙarya ba.

Ban huce ba tukuna, kada ki ɗauka wannan wasiƙar ta sulhu ce. Ranar da aka sa tana ta matsowa, kowa a gida yana yi kamar bai sani ba.

Sauran takardun gwajin talatin da shidan sun ƙare. Ƙawayena ne suka fara zuwa a ɓoye, sai ƙannensu, yanzu har uwaye suna aiko da 'ya'yansu ta ƙofar baya. Jiya mata uku na mayar. Na rubuta sunayen masu jira, sun kai sittin da ɗaya.

Baba ya ce kada in dame ki, bai faɗi dalili ba. Ni dai na ce musu Gwaggona ce ke yin su a London. Ki aiko da ɗari biyu, da maganin, kafin damina.

'Yarki,
Damata