Gadar Ƙarfe Huɗu

Maman Biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yan biyu da Auta. Yaya ƙafar Inna? A gaishe ta da kyau. Na rubuto ne saboda a waya tari yana yanke mini magana, kuma nas ta tabbatar mini takarda ba ta ɗaukar ciwon nan.

Yau kwanana ashirin da uku a ɗakin nan na asibiti. Taku shida ne daga gado zuwa taga, na auna ya fi sau ɗari. Ƙofar banɗaki ta karkace, ƙusa biyu kawai take so, ga ni kafinta amma ba guduma. Likita ya ce tarin fukan nawa mai taurin kai ne, ba zan fita ba sai gwaji ya nuna na daina yaɗa shi. Wata biyu, wataƙila uku.

Da nas ta gaji da ganina ina zarya, sai ta sa mini wani wasa a waya. Mutum huɗu ke yi tare ta intanet, kowa a ɗakinsa, ana jin muryar juna. Gada ake ginawa kafin kogi ya cika: ɗaya ya sari itace, ɗaya ya ɗauko, ɗaya ya kafa, ɗaya ya hau tudu yana duban ruwa. Kullum ƙarfe huɗu na yamma muke haɗuwa. Duk masu irin ciwona ne, ban taɓa ganin ko ɗaya ba: wata Malama a ɓangaren mata, wani tsohon Tela, da Direba, wanda bakinsa ba ya hutawa. Abin haushin, Direba aka ba kafa katako, ni kuma duban ruwa. Jiya na shagala da koya masa aiki har na manta da kogin, ruwa ya kwashe mu duka. Tela ya yi dariya har ta koma tari.

Sai dai wasa ba gida ba ne. Na ji sauƙi, har na yi kumatu. Ki ce wa yayanki ya zo da babur ran Asabar da rana, ya tsaya bayan katanga ta wajen famfo, inda ta fi gajarta. Zan ƙarasa shan magani a gida. Kada Inna ta ji.

Naki,
Baban Biyu

*

Maman Biyu,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Allah ya sa zazzaɓin Auta ya sauka. Na ga kular abincin da na sa wasiƙata a ciki ta dawo ba amsa, na kuma fahimta.

Direba ya gudu ran Talata. Ƙarfe huɗu ta yi, mu uku muka zauna muna kallon gurbinsa, don wasan ba ya tashi da mutum uku. Jiya Laraba sai ga shi ya shigo wasan yana raha, wai yana falonsa. Muna cikin saran itace na ji kukan jaririya dab da wayar. 'Yarsa ce, wata huɗu, tana kan cinyarsa. Sai ya yi tari, irin mai tasowa daga ƙasan ƙirji.

Malama ta roƙe shi ya ajiye yarinyar ya fita tsakar gida. Ni kuwa na hau shi da faɗa, na kira shi marar tausayi. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Kafinta, ba kai ka nuna mini wajen famfo ba?" Ya kashe waya.

Gaskiyarsa ce. Makon jiya na yi ta cika baki da dabarata muna jiran Malama ta shigo. Jiyan, bayan Direba ya kashe waya, Tela ya ce shi ma shekara uku da suka wuce ya ji sauƙi ya koma gida tun ba a sallame shi ba. Da ciwon ya dawo, ya dawo ba ya jin magani, kuma matarsa ta ɗauka a wurinsa, ta rasu. Makonni muna wasa da mutumin nan, ban taɓa tambayarsa ko yana da iyali ba.

Na kasa zama, na kasa kwanciya. Ki ce wa yayanki ya bar maganar babur. Ki yafe mini nauyin da na ɗora miki.

Naki,
Baban Biyu

*

Maman Biyu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da kowa na gida. Amsarki ta iso. Layi biyu ne, amma na karanta sau goma.

Nas ta yi ta kiran Direba bai ɗauka ba. Mu ba mu da lambarsa, sai ta cikin wasan. Kullum ƙarfe huɗu muka riƙa aika masa gayyata. Wasan yakan ce zai haɗa mu da wani baƙo ya cike gurbin, muka ƙi. Kwana huɗu muna zaune haka, muna jin numfashin juna. Malama ta ja mana kunne, ta ce in ya shigo kada wanda ya yi masa wa'azi, musamman ni.

Ran Litinin ya karɓa. Bai gaishe mu ba, muka fara. Na hau tuduna na riƙe bakina, ba na cewa komai sai inda ruwa ya kai. Katakon da ya kafa duk a karkace yake, ina gani na haɗiye. Ashe tun farko ba shi ne matsalar ba, ni ne. Gadar ta tsaya, muka haye mu huɗu, karo na farko tun da muka fara.

Kafin ya kashe na ce masa ni na nuna masa katanga, kuma ni ina nan ban fita ba, ya yafe mini. Tela ya ce masa gadonsa na nan ba a ba kowa ba.

Yau da hantsi nas ta ce mini Direba ya dawo, ta ƙofar gaba, da matarsa da yara uku don a gwada su. Na tsaya a taga. Ina zaton ƙato ne saboda muryarsa, sai na ga wani siriri da jaka a kafaɗa, yana bin tagogi da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na buga gilashi, ya ɗaga hannu, ban sani ba ko ya gane wane ne.

Manyan yaran biyu lafiyarsu lau. Jaririyar ce likita ya riƙe, ya ce yana so ya ƙara dubawa, sai jibi za a sani. Tun ɗazu nake kai da kawo. Ban taɓa ganin fuskar yarinyar nan ba, kukanta kawai na ji. Ki sa ta a addu'a, ke da Inna. Yanzu kina iya gaya mata komai.

Mijinki,
Baban Biyu